Hayar mota mai ɗaki zuwa Sawira: yadda za ka shirya tun daga Abuja

Bayan mun dawo, wani dattijo maƙwabcinmu a Gwarinpa ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, ya ce, "Malam, wai da gaske a cikin mota kuka kwana mako guda, har da iyali?" Na ce masa, "Da gaske ne, Baba. A ciki muka dafa, a ciki muka kwana, kullum da asuba muna jin rurin teku." Ya yi shiru, sannan ya ce to in zauna in yi masa bayani tun daga tushe, don ɗansa na neman inda zai kai iyalinsa hutu. Abin da na faɗa masa ne na rubuta a nan, na ƙara da abubuwan da na tuna daga baya.

Motar da nake nufi ita ce wadda aka mayar da bayanta ɗaki. Akwai gado, da murhun gas, da ɗan firji, da tankin ruwa, wasu har da bandaki. A nan gida ba sana'a ce da ta kafu ba, shi ya sa muka nufi Maroko, inda Turawa suka daɗe suna yawo da irinta kuma akwai masu ba da haya. A can da sunan Faransanci ake kiranta, camping-car, kuma da wannan sunan za ka neme ta a intanet. Garin da muka zaɓa shi ne Sawira, wanda za ka ga an rubuta Essaouira a allunan hanya. Yana bakin Tekun Atlantika, tafiyar kusan awa uku yamma da Marrakesh.

Me ya sa Sawira

Na farko dai, ƙasar Musulmi ce. Ba ka tambayar mahauci yadda aka yanka nama, ba ka neman masallaci da taswira. Mazhabar Malikiyya suke bi kamar mu, kuma idan liman ya tayar da karatu za ka ji Warshu, irin wanda muka taso da shi a makarantar allo. Na biyu, a hannun dama suke tuƙi, yadda muke yi tun 1972, don haka hannunka ba zai rikice ba. Na uku, garin ba shi da hayaniyar Marrakesh. Mutanensa masunta ne da masassaƙa da masu kiɗa, kuma mai shago ba ya bin ka har lungu yana jan riga.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci, saboda iska. Daga wajen Afrilu iskar arewa takan taso, ta yi ƙarfi sosai a Yuli da Agusta, har yashi ya riƙa dukan ƙafa. Masu wasan igiyar ruwa ita suke bi, amma mai yara ƙanana ba zai ji daɗinta ba. Satumba zuwa farkon Nuwamba ya fi kwanciyar hankali. Da hunturu kuma tsofaffin Turawa masu fansho sukan cika wuraren kwana da motocinsu, musamman ta wajen Agadir, garin da ke bakin teku kudu da Sawira. Akwai kuma bikin kiɗan Ginawa, zuriyar bayin da aka kawo daga kudu da Sahara, da ake yi a garin tun 1998, yawanci a watan Yuni. Idan shiru kake nema, ka kauce wa waɗannan kwanakin, don garin cika yake yi maƙil.

Abin da za ka gama kafin ka bar Abuja

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Maroko, kuma ofishin jakadancinsu yana nan Abuja. Tun 2022 suna da biza ta intanet, wadda mai riƙe da biza mai rai ta ƙasashe irin su Amurka ko Ingila ko ƙasashen Shengen na Turai kan iya nema. Ka fara wannan da wuri, wata biyu kafin tafiya bai yi yawa ba. Kada ka biya kuɗin mota gaba ɗaya kafin biza ta fito, sai dai idan an rubuta maka cewa za a mayar maka da kuɗinka in ka fasa. Ka nemi kamfanin ya turo maka takardar shaidar haya mai ɗauke da sunanka da ranaku, ka kuma kama ɗakin otal na daren farko da na ƙarshe, saboda a filin jirgi za a tambaye ka adireshin inda za ka sauka, "cikin mota" kuwa ba amsa ba ce a wurin jami'in shige da fice.

Lasin tuƙinka na Najeriya ya kasance da sauran rai, ka haɗa da lasin ƙasa da ƙasa. Yawancin motocin nan nauyinsu bai wuce kilo 3,500 ba, don haka lasin ƙaramar mota ya isa. Kamfanoni kan sa sharaɗin shekarun direba da kuma daɗewar lasinsa, shekara biyu ko uku, sai ka duba. Idan uwargida ko wani ɗan'uwa zai karɓe ka tuƙi, dole sunansa ya shiga takarda, in ba haka ba inshora ba ta san da shi ba. Ka ɗauki katin rigakafin shawara na kowa da kowa. Mai shan magani kullum ya riƙe takardar likita. Jirgin nan mara matuƙi na ɗaukar hoto kuma ka bar shi a gida, kwastan na Maroko karɓewa suke yi.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne 'yan Najeriya suka fi tuntuɓe. Ban da kuɗin haya, kamfani zai riƙe kuɗin jingina a katinka, sau da yawa sama da euro 1,000, har sai ka dawo da mota lafiya. Katin naira ba lallai ya ɗauki wannan ba, saboda iyakar da bankuna ke sa wa kashe kuɗi a waje. Ka je bankinka da kanka, ka tabbatar katin asusun dalarka yana aiki a waje kuma akwai isasshen kuɗi a ciki, sannan ka tambayi kamfanin a rubuce ko suna karɓar irin katinka, don wasu katin bashi kawai suke yarda da shi. Sunan da ke kan kati ya zama shi ne sunan direba. Ka tuna kuɗin jinginar nan a ɗaure suke har ƙarshen tafiya, ba za ka ci abinci da su ba. Dirhami kuwa, kuɗin Maroko, ba a samunsa wurin 'yan canji na Zone 4, don kuɗi ne da ba a fita da shi da yawa daga ƙasarsu. Ka sayi euro ko dala a nan, ka canza a can. Euro ɗaya yana ba ka dirhami 10 da ɗoriya.

Jirgin Royal Air Maroc yana sauka a Kasablanka. Daga filin jirgin akwai jirgin ƙasa zuwa cikin gari, daga nan kuma wani zuwa Marrakesh, tafiyar kusan awa uku. Shawarata ka karɓi mota a Marrakesh ko Agadir. Fara tuƙa babbar mota a cunkoson Kasablanka bayan ka kwana a jirgi ba dabara ba ce.

Wace mota za ka zaɓa

Iri biyu ne a taƙaice. Akwai ƙarama, kamar bas ɗin haya da aka gyara cikinta, mai sauƙin tuƙi da ajiyewa, wadda ta dace da miji da mata ko da yaro ɗaya. Akwai babba mai ƙirar akwati, mai gado a saman kan direba, wadda ke ɗaukar mutum huɗu zuwa shida. Mu biyar ne, ni da maman yara da yara uku, sai muka ɗauki babbar.

Kada ka ƙirga gadaje kawai, ka ƙirga kujerun da ke da bel. Mota na iya kwantar da mutum shida amma bel ɗinta huɗu, kuma ba wanda ya kamata ya kwanta a gado ana tafiya. Idan da jariri, ka nemi kujerar yara tun kafin ka zo. Yawancin motocin masu giyar hannu ne kuma dizal suke sha. Wanda ya saba da otomatik kaɗai ya faɗa tun farko.

Ga mu Hausawa, ina ganin bandaki na cikin mota ba abin yin rowa a kansa ba ne. Mata da yara ba za su fita cikin dare da iska suna neman makewayi ba. Araha ba ta ado. Ka kuma tambayi ko haya ta haɗa da zannuwan gado, da barguna, da tukwane, da wayar jona wuta, da tiyo na ɗiban ruwa, da tukunyar gas cikakkiya. Ka tambayi kilomita nawa aka yarje maka a rana da abin da za ka biya in ka zarce. Inshora kuwa ka karanta ta da natsuwa, ko ka sa mai jin Faransanci ya karanta maka. Sau da yawa ba ta ɗaukar taya, da gilashin gaba, da rufin mota, da ƙarƙashinta, kuma da zarar ka sauka daga kwalta ka shiga yashi ta janye hannunta.

Ranar karɓar mota

Ka ware awa biyu, kada ka bari a gaggauta ka. Kafin ka sa hannu, ka kunna bidiyo a wayarka ka zagaye motar a hankali, ma'aikacin kamfanin yana tsaye. Ka ɗauki kowace ƙujewa, da gilasai, da tayoyi, da ƙasan bamba, da kujeru da katifu. Ka roƙi tsani ka ɗauki rufin. Na nace a kan rufin nan ne don abin da ya same ni: ranar da na mayar da mota, wani ma'aikaci ya nuna mini wata ƙujewa a saman gefen dama, ya ce reshen itace na goga, za a cire daga jingina. Na buɗe bidiyon ranar farko, ga ta nan a wurinta. Ya duba, ya ba ni haƙuri, maganar ta mutu. Ka ɗauki hoton kilomita da ma'aunin mai, ka duba safaya da jak.

Sannan ka sa a nuna maka komai, kuma ka yi da hannunka sau ɗaya a gabansu: buɗe gas da rufe shi, kunna firji, jona wuta, cika tanki, zubar da ruwan wanke-wanke, da zaro akwatin bandaki. Uwargida ta tsaya ta gani, don ita ce za ta fi hulɗa da murhun. Ka tambayi tsayin motar da faɗinta, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Babbar mota kan kai mita uku a sama, kuma direban da ya saba da ƙaramar mota mantawa yake yi da rufinsa idan ya zo rumfar gidan mai ko ƙarƙashin itace. Ka karɓi lambar da za ka kira in mota ta lalace, ka gwada ta nan take. Layin waya na Maroc Telecom ko Orange ko Inwi ana samu tun a filin jirgi da fasfo. Lambar 'yan sanda a gari 19 ce, ta jandarmomi a bayan gari 177, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 15.

Daren farko da mota kada ka yi nisa. Ka shiga babban kanti irin Marjane ka yi cefane, shinkafa, da taliya, da mai, da ƙwai, da shayi, da katan-katan na ruwan sha, ka kwana a wurin saukar motoci a gefen Marrakesh. Idan wani abu bai yi aiki ba, kamfanin na kusa. Daga gida ka zo da yaji, da kuka, da daddawa a ƙulle sosai, da garin kunu. Kilishi ka haƙura da shi, shiga da nama wata ƙasa yana jawo magana a kwastan. Ka zo da buta biyu, da dardumar salla, da adafta, don soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai ƙafa uku ba ya shiga.

Ruwa

Wannan ne abin da ba wanda ya gaya mini, kuma shi ke juya tafiyar gaba ɗaya. Tankin ruwan mota mai matsakaicin girma yana ɗaukar wajen lita 100. Bature da matarsa sukan yi kwana uku ko huɗu da shi. Mu kuwa masu alwala ne sau biyar a rana, masu tsarki da ruwa, masu wanke shinkafa da nama kafin a ɗora. A dare na biyu famfonmu ya fara tari, a safiyar rana ta uku ya ɗauke.

Daga nan muka sa doka. Alwala da buta ake yi, a waje, ba a famfon cikin mota ba. Buta guda ta ishi babba, kuma ruwan ya tafi ƙasa maimakon ya cika tankin ruwan wanke-wanke. Wanka da wankin kaya a bandakin wurin sauka. Kwanuka a goge maiƙonsu da takarda kafin a wanke, a cikin roba, ba famfo na zuba ba. Ruwan tanki na wanki ne da girki, na sha kuwa na gora. Na sayi jarka mai lita 20 na ajiye a baya don ko-ta-kwana, kuma duk inda na ga famfon da aka yarda a ɗiba, na cika, ko da tanki bai yi rabi ba.

Bandakin motar ba masai ba ne mai rami. Akwati ne na roba a ƙarƙashin kujerar, wanda bai fi lita 20 ba, ana zaro shi ta wata 'yar ƙofa a waje. Da yake muna tsarki da ruwa, namu yakan cika cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana zuba masa wani magani mai kashe wari bayan kowace zubarwa. A wurin da aka tanada kaɗai ake juye shi, a wuraren saukar motoci, ba a kwata ba, ba a gona ba, ba a bayan dutse a bakin teku ba. Masu yin haka ne suka sa mutanen ƙauyukan gaɓa suka fara ƙyamar motocin nan. Ka sa safar hannu, ka yi aikin da sassafe, kuma ka ɗauke shi a matsayin aikin maigida. Tiyon da ake ɗauraye akwatin daban yake da na cika tanki, kada a haɗa su ko da wasa.

Gas kuma a rufe shi daga tukunya kafin a tayar da mota. Idan ana girki a buɗe taga ko ƙofar rufi. Kada a kunna murhu don ɗumama ɗaki da dare. Maman yara ta zo da kaskon turaren wuta, kamar yadda ta saba a gida, sai muka yi shawara ya tsaya a waje: garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ke kashe mutum cikin barci ba tare da wari ba, ga kuma labule da katifa a ko'ina.

Hanya

Daga Marrakesh za ka bi ta Shishawa, a allo Chichaoua, ka miƙe yamma. Nisan bai kai kilomita 200 ba, kuma hanyar mai kyau ce. Iyakar gudu 60 ce a cikin gari, 100 a bayan gari, 120 a babbar hanya mai kuɗin fito, amma ka bi abin da allo ya ce, don yakan sauko daga 100 zuwa 80 zuwa 60 cikin ɗan taƙi, kuma a nan jandarmomi ke tsayawa da na'urar auna gudu. Idan ka ga allon da aka rubuta Halte, ka tsaya cak a daidai allon, ka jira sai jami'i ya yafito ka. Rage gudu kawai laifi ne. In an ci ka tara, ka biya ka karɓi rasit. Kada ka gwada "a yi haƙuri, ga na goro".

Kafin kowace tashi, ka sa yaro ɗaya ya zama mai duba: durowoyi a kulle, firji a kulle, tagogin rufi a rufe, matakala a ciki, wayar wuta a naɗe. Babbar mota tana son a buɗe mata kwana, tana son birki da wuri, kuma iska daga gefe tana tura ta, musamman idan tirela ta wuce ka. In za ka yi ribas, wani ya sauka ya duba maka. Da magariba ka kasance ka sauka, don da dare akwai amalanken jaki da masu keke marasa fitila. A gidan mai ka ce gasoil, shi ne dizal, ka kuma tsaya ka ga bakin da aka sa, saboda akwai motocin da bakin tankin ruwa da na mai suke kama da juna. Manyan gidajen mai irin Afriquia da yawa suna da masallaci da wurin cin abinci.

Kusa da Sawira za ka fara ganin itatuwan argan, gajeru masu ƙaya. Za ka ga awaki tsaye a kan rassa a bakin titi, da mutane suna tsayar da motoci. Awakin yankin suna hawa argan da kansu don cin 'ya'yansa, amma waɗanda ke jere a bakin hanya ɗora su ake yi don kuɗin hoto, su wuni a rana. Mu ba mu tsaya ba.

Inda za ka kwana

Kwana a duk inda ka ga dama a bakin teku ba abin dogaro ba ne yanzu. Jandarmomi sukan ƙwanƙwasa da dare su ce a tashi, kuma mai iyali ba ya son haka. Ka sauka a wuraren da aka tanada, masu katanga da mai gadi da ruwa da wuta. Kuɗinsu a dare yawanci wajen dirhami 100 ne ko sama da haka kaɗan, gwargwadon yawanku da ko za ka jona wuta. Manhajar Park4Night tana nuna su tare da bayanan waɗanda suka kwana kwanan nan, kuma waɗannan bayanan ne abin karantawa. Akwai su a gefen Sawira, da Sidi Kawki a kudu da garin, da wajen Unaga a hanyar Marrakesh.

Idan ka isa, ka duba inda iska ke fitowa, ka juya motar yadda ƙofar ɗaki za ta kasance a ɓangaren da ba ta bugawa. Ka riƙe ƙofa da kyau in za ka buɗe, ka gargaɗi yara, don iska na iya fizge ta ta lanƙwasa. Rumfar gefe kada ta kwana a buɗe. Ka sa katakan daidaitawa a ƙarƙashin taya har mota ta zauna daidai, in ba haka ba mai zai taru a gefe ɗaya na kasko, kai ma ka kwana kana gangarawa. Alƙibla a Sawira gabas ce sak, teku na bayanka. Dare yana da sanyi ko da bazara. Wanda ya san Jos a watan Disamba ya san irin rigar da zai ɗauko.

Garin da kewayensa

Babban kuskuren da ake yi da motar nan shi ne a mayar da ita ta tsere, yau nan gobe can. Mu mun yi dare uku a Sawira, biyu a Sidi Kawki, kuma da za a sake, da na ƙara.

Mota ba ta shiga tsohon gari. Ka ajiye ta a filin da ke wajen ganuwa, ka ba mai gadi 'yan dirhami bayan kun yi ciniki tun farko, ko ka bar ta a masauki ka hau ƙaramar tasi. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya gina garin a shekarun 1760, ya sa wani injiniya Bafaranshe, Théodore Cornut, ya zana shi, shi ya sa titunansa suke miƙaƙƙu, ba kamar lungunan Fas ba. Turawa suna kiransa Mogador a da, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ka hau kan ganuwar da ke fuskantar teku, inda igwogin tagulla suke jere har yau. A zamaninsa, nan ne tashar da kayan ayarin Tumbuktu ke fita zuwa Turai, zinariya da gashin jimina da ƙaro. Ayarin nan sun kawo bayi ma daga ƙasashenmu na kudu da Sahara.

Zuriyarsu ne Ginawa. Da yamma a dandalin Moulay Hassan muka tarar da wasu suna kiɗa, ɗaya da gimbiri mai tsirkiya uku, sauran da ƙarafa a hannu suna kaɗawa. Maman yara ta kama hannuna ta ce, "Abban Khalifa, ai wannan sambani ne." Ba ta yi kuskure ba, ƙirar ɗaya ce da wadda mata ke kaɗawa a Mauludi. A waƙoƙinsu suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa a matsayin kakanni, kuma zaman dare da suke yi na masu iskoki duk wanda ya san bori zai gane danginsa. Na tsaya a wurin na daɗe, ina tunanin mutanen da aka rabo da garuruwansu suka ƙetare hamada a ƙafa, suka riƙe sunan asalinsu a cikin waƙa har jikokin jikokinsu.

Da hantsi ka je tashar masunta lokacin da shuɗɗan kwale-kwale ke dawowa. Ka sayi sardin ɗanye, ka ce a gyara maka, ka kai wa masu gashi ko ka koma mota ka soya da yajinka. A rumfunan gashi ka tsayar da farashi kafin kifi ya hau wuta. "Bishhal" shi ne "nawa ne?" a Larabcinsu. Sallama da ɗan Larabcin islamiyya suna buɗe ƙofofi da yawa. Ranar Juma'a shaguna da dama sukan rufe da azahar, kuma ranar kuskus ce a gidaje. Tsibirin da kake hangowa daga tashar ba a shigarsa sai da izini, an keɓe shi don wani irin shaho da ke ƙyanƙyasa a can.

Sidi Kawki na kudu da garin da kusan kilomita 25: doguwar gaɓa, da hubbaren waliyyi fari a bakin ruwa, da raƙuma da dawakin haya. Ruwan yana da sanyi duk shekara kuma yana da ja, yara su tsaya inda bai wuce gwiwa ba, babba na kusa. Teku yana cika ya janye sau biyu a rana, don haka wurin da ka shimfiɗa tabarma da safe yana iya zama cikin ruwa da azahar. Tayar mota kada ta taɓa yashin gaɓa.

In ranar Lahadi ta same ka, ka je kasuwar Had Dra da sassafe, tafiyar kusan rabin awa daga gari. Had ɗin nan Lahadi ce, don kasuwannin ƙauyensu da sunan rana ake kiransu, kuma sunayen ranakun irin namu ne. Za ka ga kara ta shanu da tumaki da jakuna da raƙuma, da dillalai suna riƙe hannun mai saye da mai sayarwa, kai ka ce Maigatari ce. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum. A hanya ka tsaya a ƙungiyar mata masu man argan, ka ga yadda suke fasa ƙwallon da dutse ɗaya bayan ɗaya. Man da ake ci daban, an soya ƙwayarsa, na shafawa daban. Ka sayi amlu, haɗin man argan da almon da zuma, a ci da burodi da safe. Mai sauran kwanaki ya bi hanyar N1 kudu zuwa Imsuwan, ƙauyen masunta a ƙarƙashin tsauni. Gangaren shigarsa yana da tsayi, ka sa ƙaramar giya ka bar injin ya riƙe motar, kada ka ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi.

Mayar da mota

Daren ƙarshe da mota ka kwana kusa da inda za ka mayar da ita. Da safe ka juye akwatin bandaki ka ɗauraye shi, ka zubar da ruwan wanke-wanke, ka share yashi, ka goge murhu da firji, don kamfanoni suna cajin shara da tsada, bandakin da ba a juye ba kuwa ya fi komai tara. Ka cika mai zuwa inda ka same shi, ka riƙe rasit. Ka isa kafin lokacin da aka rubuta, da rana, ku zagaye motar tare da ma'aikaci, ka sake ɗaukar bidiyo, ka karɓi takarda mai sa hannu cewa ba ta da sabon lahani. Ka tambayi ranar da za su saki jingina. Sakin kan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana a asusunka na Najeriya, don haka ka ajiye takardar da bidiyon har sai ka ga kuɗin da idonka. Jirginka kuma ya kasance washegari, ba ranar ba. Dirhamin da ya rage ka canza shi a filin jirgi kafin ka wuce jami'an shige da fice, da rasit ɗin canjin farko a hannunka.